Dogo Ba Ya Kallon Layi

Ni ba mai karatun littattafai ba ne. Ina karanta takardar aiki da saƙon waya, iyakar abin ke nan. Littafi ɗaya na taɓa karantawa daga bango zuwa bango, shi ma ba don raɗin kaina ba. Saboda Dogo na karanta shi, kuma da ihu, don a ɗakin inji muka yi karatun.

Dogo abokin aikina ne a ma'aikatar ruwa. Mu ne masu buɗe ruwa da rufewa. Ruwan garinmu bai taɓa isar kowa a lokaci guda ba, don haka rabawa ake yi. Wannan unguwa ta sha da safe, a rufe ta, a buɗe wa ta gaba. Bawul ɗin kowace unguwa, wato marufin bututunta, yana cikin rami a gefen titi, ƙarƙashin murfin ƙarfe. Makullin da ake murɗa shi dogon ƙarfe ne da sanda gicciye a samansa, kuma mutum ɗaya ba ya iya juya shi. Sai biyu, kowa ya kama gefe, ku yi ta zagaya ramin kuna turawa. Shi dogo, ni gajere, saboda haka sandar kullum a karkace take, nauyin yana gangarowa kaina. Ranar da na fara aiki ya dube ni ya ce, "Gajere, kama can." Sunan ya bi ni har gida. Jikokina ma haka suke kirana in sun ga ba na kusa.

Ubansa mai haƙar rijiya ne. Shi kuma da leburanci ya fara, tun yana saurayi, kuma yawancin bututun da muke rufewa yau shi ya haƙa musu rami da diga. Ba ya makara, ba ya yawan magana, ba ya zuwa taron ma'aikata sai an ja shi. Yana da wani tsumma ja da yake naɗewa a gefensa na sandar. Kafin ya kama sai ya tofa yawu a tafin hannu, in an fara zagaye kuma ya riƙa fito ta wushiryarsa, waƙa ɗaya tal, wadda har yau ban san ko ta wace ce ba. Masu gidan wanka da masu wankin mota sun sha tare shi a lungu don ya ƙara musu lokaci. Sun gaji sun bari.

Abu biyu ya koya mini a makon farko. Na ɗaya, ba a rufe ruwa da garaje. In ka datse shi farat ɗaya, ruwan da ke gudu a bututu zai dawo ya buga, wani wuri ya fashe, unguwa ta yi wata ba ko ɗigo. A hankali ake yi, ruwan famfo yana raguwa kaɗan-kaɗan har ya ɗauke. Na biyu, ba a kallon layi.

Kusan kowane bawul akwai famfon jama'a kusa da shi, kuma duk lokacin da muka zo rufewa akwai layin bokitai da jarkoki. Da sun hango mu da makulli a kafaɗa sai hayaniya ta tashi. Wasu roƙo, wasu zagi, wasu su haɗa duka biyun a numfashi ɗaya.

"In ka kalla za ka ga mai ciki," in ji shi, "ka ce bari ta cika. Bayanta tsohuwa. Bayan tsohuwa wani da ka sani. Can kuwa wata unguwa tana jira tun jiya da busassun bokitai, su ba ka ganinsu. Zuba idonka a rami."

Haka ya yi shekara da shekaru. Ya sa ido a rami, ya yi fito, ya zagaya. Unguwarsu ma tana cikin rabonmu, kuma haka yake rufe ta, ba ragi. Mai ɗakinsa takan ce ita ce matar mai ruwa da ke wanka da moɗa ɗaya. Mace ce mai baki, Allah ya haɗa ta da mutumin da ba ya amsawa.

'Ya'yansu maza uku, sai Auta, ita kaɗai ce mace. Mazan sun ɗauko bakin uwarsu, ita ta ɗauko shirun ubanta. Ta yi karatu, ta samu aikin koyarwa a can ɗaya gefen gari, ta kama ɗaki kusa da makarantar. Mun san tana rubuce-rubuce, amma ba wanda ya ɗauki abin da nauyi, har ranar da mai shayin bakin ma'aikata ya tare mu da safe yana washe baki.

"Dogo, ashe ka shiga littafi!"

Dogo ya miƙa kofinsa.

"Ɗana ne ya karanta. Ya ce akwai wani mugu a ciki mai rufe wa mutane ruwa. Dogo ne, yana da jan tsumma, yana fito ta wushirya. Na ce wannan ai ko a duhu na san shi. Auta ba ta da dama, wallahi!"

Direbobin tanka da ke zaune a benci suka fashe da dariya. Ɗaya ya ce, "Kai Gajere ba ka ciki? Ko an sa ka, tsawonka ne bai kai a gan ka ba?"

Dogo ya shanye shayinsa da zafinsa, ya ɗauki makulli. Ranar bai yi fito ba.

Daga baya na ji cewa Auta ta kawo masa littafin tun fitowarsa, ya ɗora a kan rediyo bai buɗe ba. Tun ranar mai shayi kuwa ya daina ɗaga wayarta. In ta zo gida ta ƙofa, shi ya fita ta ƙofar, ya je ya zauna a gindin bishiya har ta tafi. Ana cikin haka ta samu aiki a wata ƙasa mai nisa, irin wadda ba a zuwa gida sai bayan shekaru. Ƙarshen wata za ta tashi.

Mai ɗakinsa ce ta zo ta same ni a bakin ma'aikata, lokacin ya shiga wanke hannu.

"Gajere, abokinka zai bar yarinyar nan ta tafi ba su yi sallama ba. Ta ce ita ba za ta ƙara zuwa yana guje mata kamar mai kuturta ba. Shi ya ce ba shi da abin cewa. Kai biyu iri ɗaya, ni na rasa wanda zan fasa. Ka yi masa magana, kai kaɗai yake ji."

"Ni, Yaya? Injin can ma ya fi ni samun amsa a wurinsa."

"To ka yi ƙara irin ta injin."

Ban iya lallashi ba. Da rana muna cin burodi na ce masa, "Kana fushi da littafin da ba ka karanta ba. Ɗan mai shayi ne ya karanta maka, shi ma ta bakin ubansa."

"Idona," in ji shi. Gaskiya ne, yanar ido ta fara rufe masa guda ɗaya, ƙananan rubutu sun fi ƙarfinsa.

"Nawa biyu ne. Kawo."

Washegari ya zo da shi a naɗe cikin leda, kamar wanda ya ɗauko mushen ɓera.

Ba inda za mu zauna ba a gan mu ba sai ɗakin inji. Wuri ne mai zafi, mai warin giris, injuna biyu suna ruri ba tsayawa, ƙasa tana rawa a ƙarƙashin ƙafarka. Muka kifa bokiti biyu muka zauna, na kai bakina kusa da kunnensa. Duk abin tausayin da yarinyar nan ta rubuta, da ihu na karanta shi, kamar mai tallan magani a tasha.

Labarin wani gari ne a zamanin da bai zo ba tukuna. Ruwan sama ya daina sauka, rijiyoyi sun ƙafe. Ɗan ruwan da ya rage yana hannun wasu da ba a taɓa ganin fuskarsu ba, ana ce musu Masu Tanki. Unguwar da aka ji wani ya yi ƙorafi, sai a rufe mata ruwa har sai mutanen unguwar sun kamo shi sun miƙa da hannunsu. Ba a wanke jariri, ba a wanke gawa. A ƙofar kowace unguwa akwai masu auna fitsarin mutane don a gane wanda ya sha fiye da rabonsa. Da na karanta wannan Dogo ya yi dariya har da tari, ya ce, "Kada ogan ofis ya ji, sai ya rubuta a kawo kofuna."

Sai ga ogan ma a ciki. Wani jami'i ne da ke zuwa inda bututu ya fashe, ya tsaya nesa saboda takalminsa, yana nuni da biro.

"Wallahi namu ne!" in ji Dogo. "A ina ta san shi?"

"A bakinka, a gida."

"Ni ba na magana a gida."

"To a fuskarka ta karanta."

Haka muka yi ta yi kowace rana. Wani wuri ya ce, "Ƙarya ne, mutane ba su kai haka ba." Wani wuri kuma ya ce, "Wannan an yi. Na ga kusan irinsa." Akwai babin da wata uwa ta kai ƙarar ɗanta aka ba ta jarka guda, ta dawo gida ta kasa sha, ta kasa zubarwa. Da muka gama shi ya ce in rufe, ya ce yarinyar nan ba ta da lafiya, wa ya koya mata irin wannan tunani, su dai ba su bar ta da yunwa ba. Washegari shi ya fara kifa bokitai.

Ni dai littafin ya gajiyar da ni. Mutum ya wuni a rana da ƙarfe a kafaɗa, ya zo hutawa a ce masa gobe ta fi yau muni. Wannan ba sai an rubuta mini ba. Ba kowa a ciki da za ka so ka zauna ku ci abinci tare. Amma ba zan ce ƙarya ta yi ba. Na sha ganin maƙwabta biyu da suka yi shekaru suna gaisawa sun fasa wa juna kai a bakin famfo saboda bokiti ɗaya ya tsallake ɗaya. Ita dai ta ɗauki abin da muke gani ne ta ja shi har ƙarshe, ta ƙi sakin sa.

Mai makullin bai fito ba sai a tsakiyar littafi. Yana fitowa na ji muryata ta ragu, Dogo ya ce, "Ɗaga murya." Ga tsawon, ga jan tsumman, ga yawun a tafi, ga fiton. Akwai wata yarinya a labarin, uwarta tana kwance da zazzaɓi. Ta ɗauki shuɗin bokiti ta bi layi tun sanyin safiya har rana ta take, sai da ta kai bakin famfo ta tara, mai makulli ya iso. Ya ɗaga kai ya dube ta, ta dube shi. Ya ci gaba da zagaya a hankali, a hankali, idonsa a kanta, ruwan yana sirancewa har ya koma ɗigo. Ubanta ne.

Na rufe littafin ba tare da ya ce ba.

"A hankali ake yi saboda bututu," in ji shi. "Ta mayar da shi mugunta." Can ya ƙara, "Kuma ni ban taɓa kallon kowa ba. Kai shaida ne."

"Ni shaida ne."

"To tashi mu je ka faɗa."

Da aka tashi aiki ya ja ni har gidansa. Muka tarar da mai ɗakinsa tana ninke kaya a tsakar gida. Bai ko zauna ba.

"Akwai ranar da Auta ta je famfo da shuɗin bokiti?"

Ta ci gaba da ninkewa. "Au, an karanta ke nan."

"Tambayarki nake yi."

"Shekarar da taifot ya kwantar da ni. Yayyenta suna makaranta, ita na hana ta zuwa don ta kula da ni. Ba ruwa a gidan ko na jiƙa tsumma. Ta fita da safe, ba ta dawo ba sai da rana, da ruwan da bai rufe gindin bokiti ba. Na ce me ya faru, ta ce su Baba sun rufe. Ba ta yi kuka ba. Ta ce kada in gaya maka."

"Tana ina a layin?"

"A gaba. Taku nawa ne daga raminku zuwa famfon? Ai da ka miƙa wannan dogon hannun da ka taɓa kanta."

Na tuna ramin, na tuna famfon. Ni ne a ɗaya gefen sandar ranar, ba wani ba, kuma ni ma ban gan ta ba. Idona yana inda aka koya mini.

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"In faɗa maka ka yi me? Da ka gan ta, za ka bari?"

Da wani ne da ya ce i, ko don a zauna lafiya. Dogo ya ce, "Da ban bari ba."

"To ka gani," in ji ta, ta ɗora riga a kan 'yan'uwanta. "Gajere, zauna ka ci abinci, kai dai ba ka yi laifin komai ba ban da bin sa."

Na zaci karatun ya ƙare ke nan. Washegari na tarar da bokitai a kife. Muka ci gaba har ƙarshe. Yarinyar ta girma, mutanen da take so duk sun mutu ko an miƙa su, mai makullin ya tsufa ya mutu ba wanda ya je jana'izarsa. Masu Tanki suka nemi wanda zai gaje shi, aka ba ta makullin don a ba gidanta ƙarin jarka. Shafin ƙarshe tana tsaye a bakin rami, ga layi, ta naɗa jan tsumma a sanda. Iyakar labarin.

"Sai me?" in ji Dogo.

"Shi ke nan."

"Duba dai, ko an yage wani shafi."

Na nuna masa bangon.

"Ba ruwan sama? Ba wanda ya fasa tankin? Duk wannan wahala da muka sha a zafin nan, a ƙarshe ita ma ta rufe?" Ya karɓi littafin ya jujjuya shi. "Wannan ba littafi ba ne, hukunci ne." Ya ɗaga kamar zai wurga shi cikin kwatar mai, sai ya goge bangon da gefen rigarsa ya mayar cikin leda.

Kwanaki suka ci gaba da tafiya, bai kira ta ba. Na ce masa wata ya kusa ƙarewa. Ya ce ya iya lissafin wata. Na ce to me yake jira. Ya ce, "Me zan ce mata? In ce ta yi daidai, ba ta yi ba. In ce ta yi ƙarya, ba ta yi ba." Na ƙyale shi. Ni a ganina magana ba ta taɓa gyara bututu ba, amma wannan ba bututu ba ne, kuma ban san da me ake gyara shi ba.

Saura kaɗan ta tashi, muna ajiye makulli da yamma ya ce, "Gobe bayanka yana ciwo."

"Bayana lafiya lau."

"Yana ciwo. Za ka zo, amma ba za ka kama ba."

Ashe ya ce wa mai ɗakinsa ta gaya wa Auta ta same shi a ramin unguwarsu da hantsi, ta sa takalmin da ba ta so.

Ta zo. Tana tsaye a gefen titi lokacin da muka iso, da tsohuwar riga da takalmin roba. Layi ya miƙe har bayan shagon mai faci, hayaniya ta fara tashi kamar kullum. Ta durƙusa.

"Ina kwana, Baba. Ina kwana, Kawu."

"Lafiya lau, Auta," na ce. "Marubuciya, an ce kin manta da ni a littafin."

"Kawu, wanda ake so ba a sa shi a irin wannan littafin."

Tana faɗa ta gane abin da ta faɗa, ta sunkuyar da kai. Dogo ya ɗaga murfin ramin, ya zura makulli, ya zare jan tsumman daga aljihu. Maimakon ya naɗa a gefensa, sai ya naɗa a nawa.

"Kama can."

Ta kama. Tsawon uwarta gare ta, don haka sandar ta karkace mata yadda take karkace mini. Suka fara zagaye. Zagayen farko shi ne mai wuya, sai da jijiyar wuyanta ta fito. Na zauna a kan murfin ina riƙe da bayan da ba ya ciwo. Daga layi wani ya ce, "Yau kuma mace aka kawo mana!" Wata ta ce, "'Yar nan, ki ji tsoron Allah, ke ma mace ce!"

"A hankali ake yi," in ji Dogo, idonsa a rami. "Saboda bututu."

"Na sani, Baba. Tun muna yara kake faɗa."

"To don me kika rubuta haka?"

"Mai riƙe da bokiti ba bututu take gani ba."

Suka ƙara zagaye. Ruwan famfo ya fara sirancewa, ana jin yadda ƙararsa a cikin roba take canjawa.

"Kin ce ya kalle ta. Ni ban kalle ki ba. Ban san kina nan ba."

"Na sani." Tana haki. "Wannan ita ce ƙaryar da na yi a ciki. Na rubuta shi yadda ya faru, na kasa karantawa. Gara a ce ka gan ni ka rufe, da a ce ina tsaye a gabanka ba ka san ina nan ba."

Dogo ya tsaya. Ba a tsayawa a tsakiyar rufewa, shi ya koya mini, kuma ban taɓa ganin ya yi ba. Ya ɗaga kai daga ramin ya juya wajen famfo.

Layin ya yi tsit. Mutanen nan sun san ƙeyarsa da tsakiyar kansa shekara da shekaru, ba su san idonsa ba. A bakin famfo wata mata ce da babbar roba, ruwan bai kai rabi ba, goyo a bayanta. Bayanta wani dattijo da jarka biyu. Bayansa maƙwabciyarsu ta jikin katanga. Ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, da idonsa mai kyau da mai yanar, har ƙarshen layin. Sannan ya dawo da idon kan Auta, ya daɗe a nan. Zufa tana zuba daga haɓarta.

Ya tofa yawu a tafi ya ce, "Tura."

Suka rufe. Robar matar ba ta cika ba. Ya ce mata, "Ki yi haƙuri, 'yar'uwa," abin da ban taɓa jin ya faɗa a bakin rami ba. Ta zage shi, ta zagi ma'aikata, ta haɗa da ni da ke zaune.

Su biyu suka saɓa makullin zuwa unguwa ta gaba, ni ina binsu hannu banza. Can ma layi ne, sai dai ba hayaniya, kowa ya zauna a kan jarkarsa tun jiya. Suka buɗe. Iska ta fara fita daga famfo tana huci, sai jan ruwa, sai fari, aka hau turereniya. Ba wanda ya ce mana sannu, dama ba a cewa. Auta ta zauna a bakin kwata tana duba tafin hannunta, duk ya yi bororo duk da tsumman.

"Baba, yaya ka ga littafin?"

"Bai yi mini daɗi ba."

Ta gyaɗa kai.

"Amma ban ce wa Gajere ya daina ba." Ya mayar da murfin ramin da ƙafa. "Ƙarshen nan ne. Ko yayyafi ba ki ba su ba. Ke ce mai alƙalamin, me zai rage ki?"

"Na nema, Baba. Ban samu inda zan sa shi ba."

"Uhm," in ji shi. Ya kwance tsumman daga sandar ya miƙa mata. "Ɗaure hannun, kada uwarki ta ce na kashe ki."

Ranar tafiyarta ya nemi izini a wurin aiki, karo na farko da na sani. Shi ya ɗaukar mata akwati a kafaɗa har cikin tasha, ya hana yayyenta taɓawa. Mai ɗakinsa ta ce bai ce wa Auta komai ba ban da "Allah ya tsare," amma bai bar wurin ba sai da motar ta ɓace.

Yanzu yana kallon layi. Kafin ya zura makulli sai ya tsaya ya duba su, sannan ya rufe yadda ya saba, ba ya ƙara wa kowa ko moɗa. Ban ga abin da hakan ya gyara ba. Zagin ma ƙaruwa ya yi, don yanzu a ido ake yi masa. Yana komawa gida a gajiye fiye da da, fiton ma sai jefi-jefi. Ni dai har yau a rami nake zuba idona, bai kuma ce in canja ba. Ritayarsa ta kusa, kuma ana rade-radin za a kawo na'urar da za ta riƙa rufe ruwa daga ofis, a danna kawai. Da ya ji, cewa ya yi, "Kada a gaya wa Auta, sai ta rubuta na biyu."

Littafin yana cikin akwatin giris a ɗakin inji, bangon ya yi baƙi da yatsunmu. In mai shayi ya tsokane shi, yakan ce littafin banza ne, kada kowa ya ɓata lokacinsa. Wani lokaci kuma da rana sai ya kifa bokiti ya ce, "Gajere, karanta mini wurin shuɗin bokitin nan." In na kai rabi ya ce ya isa.

Tana kira ranar hutu. Na taɓa zama a gidan lokacin da wayar ta yi ƙara. Mai ɗakinsa ta miƙa hannu, ya riga ta.

"Lafiya. Lafiya lau. Hannun ya warke? To. Akwai ruwa a inda kike? To madalla. Ga mamanki."